Ambulan na Goma

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Amsa ta tara ta zo yau, daga wuraren da na nema. Ta waya ta shigo, ina tsakiyar yi wa wani dattijo kwafin takardar haihuwar 'ya'yansa. "Muna godiya da sha'awar da kika nuna." Ban ƙarasa karantawa ba, ai na haddace sauran. Na mayar da wayar jaka na ci gaba da danna inji, har sai da dattijon ya ce, "'Yata, biyu na ce, ba ashirin ba."

Asibiti huɗu, makaranta uku, ɗakin gwaji biyu. Shekara biyu ke nan da na gama koyon gwajin jini, kuma abin da nake dubawa kullum shi ne ko tawadar injin kwafi ta ƙare. Da hannuna nake yi wa mutane kwafin takardar kama aiki, in ce musu Allah ya sanya alheri. Kuma da gaske nake faɗa, yawancin lokuta.

Da na shigo gida Baba ya ce, "Likita, an dawo?" Tun ina shekarar farko a makaranta ya laƙaba mini sunan nan, na gaji da gaya masa mai gwajin jini ba likita ba ce. Na ce an dawo. Fuskata kawai ya duba ya koma kan rediyonsa.

Saura ambulan ɗaya.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, a shago

Mai Shago ya fita cin abinci. Bari in rubuta abin yadda yake, ko kaina zai sauka.

Babban asibitin koyarwa ya buɗe kwas na shekara biyu a sashen ajiyar jini. Mutum goma sha biyu za su ɗauka, kuma duk wanda ya gama, aiki na jiransa. Ba sa karɓar wanda ya cika talatin. Ni kuwa nan da wata uku zan cika, wato in bana ta wuce ni, shi ke nan. Ranar Juma'a sha biyar ga wata za su rufe karɓar takardu.

Cikin abin da suke nema har da wasiƙar wanda ya kula da mutum a ɗakin gwaji, a rufe, da sa hannunsa a kan bakin ambulan. In suka ga alamar an buɗe, kwandon shara. Ni wanda ya kula da ni shi ne Malam Jan Biro, shugaban ɗakin gwajin da na yi koyon aiki. Ranar da na gama ya miƙo mini ambulan goma, kowanne a liƙe, ya ja sa hannunsa da jan biron nan daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce, "Goma sun ishe ki." Ban taɓa ganin abin da ke ciki ba. Na aika tara, sau tara aka ce mini a'a.

Ba halin in koma ya ba ni wata. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba ya rubutu.

Tambayata ɗaya ce, me ya rubuta? Don ya san abin da ya sani a kaina.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mai Shago ya sake yi mini tsiya a kan rubuta suna. Duk wanda ya kawo takarda, ko shafi ɗaya ce, sai na tambayi sunansa na rubuta a 'yar takarda na maƙala, yana tsaye a gabana, kafin in juya wajen inji. Yau mutum ɗaya ne tal a shagon. Mai Shago ya ce, "Ke kam ko ni na kawo, sai kin tambaye ni sunana. Da wa zai cakuɗe, da fanka?"

Na yi dariya. Na dai rubuta.

Wata ta zo da fom irin nawa, na kwas ɗin nan, aka yi mata kwafi uku. Shekararta ashirin da biyu, na gani a shafin farko. Ba da gangan na duba ba. To, da gangan na duba.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na yi kuskuren gaya wa Yaya damuwata. Tana kan keken ɗinkinta a falo, allura a baki, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Buɗe shi mana."

Na ce in na buɗe ya mutu.

"Wa ya ce da almakashi? Tururi ake yi. Ki ɗora buta, ki riƙe shi a bakinta, gam ɗin ya saki. Ki karanta, in mayar miki da dutsen guga. Ni da nake ɓoye ɗinki a jikin siliki, takarda ce za ta gagare ni? In mutumin nan tsiya ya rubuta miki, gara ki sani, ki daina yawo da ita a jaka kina kai wa mutane da hannunki."

Ashe Baba yana ji. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ware wasiƙu a gidan waya, kuma abin da yake alfahari da shi ke nan, ko ɗaya bai taɓa leƙawa ba. Ya ce in kawo ya gani. Ya ɗora ambulan ɗin a tafin hannunsa, ya ɗaga shi sama kaɗan, ya sauke.

"Shafi biyu," ya ce. "Takarda mai kauri."

Yaya ta ce, "To Baba, tunda hannunka na gani har ciki, karanta mana."

Bai kula ta ba. Ni ya kalla ya ce, "A kanki aka rubuta, Likita, amma ba ke aka rubuta wa ba." Ya miƙo mini abina.

Shafi biyu. Yabon ɗaliba ai rabin shafi ne, tana da ƙwazo, tana zuwa da wuri, sa hannu. Me ake faɗa har ya ci shafi na biyu?

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Shafi biyu.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na je gidan Malam. Ban taɓa zuwa ba tun da ya kwanta, kuma ba ni da uzurin da zan rubuta a nan wanda ni kaina zan yarda da shi.

Matarsa ce ta buɗe. Na fara gabatar da kaina, ta ce, "Na san ki. Shigo." Ban tambaye ta daga ina ta san ni ba.

Yana zaune a kujera kusa da taga, an rufa masa tawul a cinya. Mutumin da in muka ji takun takalminsa a baranda kowa sai ya sake duba bencinsa, yau hannunsa na dama yana kwance a kan tawul, yatsun a lanƙwashe. Jan biro na nan a aljihun rigarsa. Matar ta ce in ba a saka masa ba, ba ya karyawa.

Na durƙusa na gaishe shi. Bakinsa ya motsa, abin da ya fito ban gane ba. Matar ta ce, "Ya ce ya aiki." Na ce aiki alhamdu lillahi. Ban ce wane aiki ba.

Hannunsa na hagu duk tabo ne, baƙi-baƙi daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Saboda maganin da yake sha, duk wata sai an ɗebi jininsa an auna. Wata ma'aikaciyar jinya ce take zuwa gida, kuma jijiyarsa ta yi wuyar samu, sai an soka sau uku ko huɗu. Matar ta ce, "Kuma ko an gama ba ya barinta ta tafi sai an kawo masa kwalbar gaban idonsa ya karanta sunansa. Halinsa dai yana nan."

Da tambaya na je, na shirya ta tun a mota. Malam, me ka rubuta? Amma ya kafe ni da ido, irin kallon da ya yi mini waccan Larabar, sai na fasa tambayar. Na sha ruwan da aka ba ni, na yi masa fatan sauƙi, na fito.

Yana tune. Na gani a idonsa.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana, a shago

Abin kunya, amma littafina ne. Da Mai Shago ya fita na ɗora ambulan ɗin a kan gilashin inji, na ƙara duhun zuwa ƙarshe, na danna. Na ce ai wannan ba buɗewa ba ce.

Baƙar takarda ta fito, da wasu inuwoyi na layi a kan layi. Abin da na gane kawai shi ne da hannu aka rubuta, ba da na'ura ba. Na gwada sau shida. Ina cikin na bakwai Mai Shago ya shigo, ya ɗauki ɗaya ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Hoton duhu kike ɗauka?"

Na ce gwada inji nake yi.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ba kowa a gida. Baba ya tafi aski, Yaya ta kai ɗinki. Na ɗora buta.

Na tsaya a kicin da ambulan a hannu har ruwan ya tafasa. Na kai shi bakin butar. Kusurwa ɗaya ta fara laushi, sai na ga jan sa hannun nan ya soma jiƙa, wutsiyar harafin ƙarshe tana neman ta baje. Na fizge hannuna har na ƙona yatsa. Yaya ba ta yi lissafin tawada ba, ni ma haka.

Bai lalace ba. Kusurwar ta ɗan kumbura, na danne ta da littafi.

Tunda na fara, bari in faɗi wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da amsa ta huɗu ta zo, ina zaune a bakin gadon nan na ce Allah ya isa tsakanina da hannun da ya rubuta wasiƙar nan. Da bakina na faɗa, a fili. Bayan wata biyu aka ce mini ya faɗi a wurin aiki. Na yi karatu, na san abin da ke kawo shanyewar jiki, na san ba bakina ba ne. Duk da haka shi ya hana ni zuwa gaishe shi.

Mata biyu, kwalabe biyu. Ba zan rubuta sauran ba yau.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na kai. Ofishin yana hawa na biyu, ƙarshen baranda, tagar karɓa mai ƙarfe. Magatakardan ya ƙirga takarduna, ya juya ambulan ɗin, ya shafa kusurwar nan da babban yatsa.

"Ruwa ya taɓa shi?"

Na ce tururi ne, a kicin. Ban san me ya sa na faɗi gaskiya ba, bakina ne ya riga ni.

Ya duba sa hannun, ya ce, "Bai buɗe ba dai," ya jefa cikin tire.

Na sauko bene jakata ba nauyi. Shekara biyu ina yawo da ambulan a aljihun ciki, yanzu sai hannuna ya riƙa komawa wurin yana lalube.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Shiru.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na duba waya sau nawa yau, ban ƙirga ba. Mai Shago ya ce in ajiye ta a aljihun tebur ko ta huta. Na ajiye. Bayan minti biyar na buɗe aljihun neman abin da ni ma ban sani ba.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sun kira. Intabiyu ranar Laraba, ƙarfe tara. Mu arba'in aka kira, kujera goma sha biyu.

A cikin taran nan, sau biyu kawai aka taɓa kira na, kuma duka biyun tun kafin su buɗe wasiƙar ne, ina jin. Ban sani ba. Haka dai nake lissafawa.

Kuma sai da ta zama Laraba.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na ce wa Yaya ta ara mini hannunta in tuna neman jijiya, ba allura, yatsa kawai. Ta ce ita hannunta na neman abinci ne, in je in samu Baba. Baba ya naɗe hannun riga ba musu. Na ɗaura masa tsumman ɗinki a dantse, na lalubo, ga ta nan ƙarƙashin yatsana tana tashi. Hannuna bai manta ba. Wallahi har hawaye ya taho mini, na ce tsumman ne yake da ƙura.

Yaya ta goge mini farar rigata ta aiki ba tare da na roƙa ba. Ta ce, "In suka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki yi musu irin fuskar da kike yi mini." Ban san ina da wata fuska ba.

Abin da nake ta juyawa shi ne, in suka tambaya, in faɗi zancen kwalaben nan ko in yi shiru? In yana cikin wasiƙar na yi shiru, na zama maƙaryaciya. In ba ya ciki na faɗa, na kashe kaina da kaina. Amma yana ciki. Shafi biyu fa.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Zan rubuta duka, tun ban fara gyara labarin a kaina ba.

Da farko gwajin hannu. Aka zaunar da mu biyu-biyu, kowa ya ɗebi jinin ɗan'uwansa. Da mai shekara ashirin da biyun nan aka haɗa ni, hannunta sanyi ƙalau. Na samu jijiyarta a karo ɗaya. Na tambaye ta sunanta duk da yana rubuce a ƙirjinta, na rubuta a kwalbar, na nuna mata, sannan na miƙe.

Sai ɗakin tambayoyi. Mutum uku a bayan dogon tebur, a tsakiya wata babbar mace mai farin gilashi, ita ce shugabar sashen. A gabanta ga ambulan ɗina a farke, ga shafi biyun a kife. Rubutun Malam ne, ina hango jan tawadar ta bayan takarda.

Suka yi tambayoyin littafi, na amsa. Sai Mai Gilashi ta ɗora hannu a kan wasiƙar ta ce, "Faɗa mana kuskure mafi girma da kika taɓa yi a bakin aiki."

Na ce a raina shi ke nan, sun karanta. Kada wata rana in karanta littafin nan in ɗauka jarumta na yi. Ba jarumta ba ce, na ɗauka an riga an kama ni ne.

Na faɗa musu. Wata Laraba, watana na biyar a ɗakin gwaji, aka aike ni ɗakin mata in ɗebo jinin mutum biyu, gado da gado. Ƙa'ida ita ce ka rubuta suna a kwalba kana gaban mai jinin, kafin ka tashi. Birona ya ƙi rubutu. Na ce ai biyu ne kawai, ta dama ta mai gadon taga, ta hagu ta mai gadon ƙofa, in na koma benci na rubuta. A hanya na buɗe ƙofa, na sauya hannu ban sani ba. Mai gadon taga washegari za a yi mata tiyata, kuma da sakamakon nan za a zaɓa mata jinin da za a ƙara mata. Rukunin jininsu ba ɗaya ba ne. Malam ne ya lura sakamakon bai yi daidai da tsohon katinta ba, ya koma da kansa ya sake ɗiba. Da bai duba katin ba, da an ɗaura mata jinin da zai iya kashe ta.

Na ce musu bai yi mini faɗa ba. Ya ajiye kwalaben biyu a gabana ya ce, "Suna kafin ki tashi." Ya cire ni daga benci mako biyu ina wankin kwalabe. Bai sake tayar da maganar ba har na gama.

Mai Gilashi ta ɗauki wasiƙar, ta duba shafin farko, ta duba na biyu, ta juya bayansu. Ta cire gilashin ta ce, "Bai rubuta wannan ba."

Na ce, "Na'am?"

"Babu shi a nan. Kowa muke yi wa tambayar." Na gefenta ya rubuta wani abu mai tsawo. Ta ce, "Za ki iya tafiya, za a kafe sunaye ranar Talata."

Ban san yadda na sauko benen ba.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe shida na safe

Da bakina. Ba wanda ya sani a duniya sai ni da shi, shi kuma ba ya iya magana.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe ɗaya na rana

In ba ya ciki, to me ya sa tara suka ƙi ni? Ba komai ke nan. Mutane sun yi yawa, kujeru sun yi kaɗan. Shekara biyu ina jin haushin bawan Allah a kan abin da bai yi ba, har da abin da na faɗa a bakin gado. Wannan ya fi rashin kwas ɗin ci mini rai, kuma rashin kwas ɗin ma yana ci.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa su Baba komai, har da kwalaben. Yaya ta tsayar da keke ta ce, "Wato ba a tambaye ki ba kika kai kanki? Ni da ƙanwa, Allah na gode maka." Amma ta tashi ta haɗa mini shayi, ta zuba sukari kamar ba ita ke ɓoye gwangwanin ba.

Baba ya ce, "Matar ta tashi?"

Na ce ta tashi, da ƙafarta ta bar asibiti.

Ya ce, "To." Ya ƙara da cewa in ba su ɗauke ni ba, ranar Laraba in fara neman na goma sha ɗaya. Na ce ba sauran ambulan. Ya ce akwai wuraren da ba sa neman ambulan, kuma shi bai ga inda aka rubuta goma ce ƙarshen ƙirga ba.

Na ɗauko jarida na zagaye wurare biyu.

Litinin, 2 ga sabon wata, ƙarfe bakwai na yamma

Gobe. Na yi wa wani kwafi a juye har sau biyu, Mai Shago ya ce in tafi gida.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Suna na tara a jerin da aka kafe. Sunana ne, na sa yatsa a kai na karanta sau uku, na sa wani da ke tsaye ya karanta mini.

Ban sani ba ko don abin da na faɗa suka ɗauke ni, ko duk da abin da na faɗa. Ba wanda zan tambaya. Na kira Baba, ya ce, "Madalla, Likita," sai Yaya ta karɓe wayar tana cewa ita dama ta sani.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na koma gidan Malam da takardar ɗaukata a hannu. Na tarar ma'aikaciyar jinyar ta zo ɗibar jinin wata, tana shirya kayanta a kan tebur.

Na durƙusa na gaya masa. Na ce kuma ina neman gafararsa, na zarge shi a kan wasiƙar, na faɗi magana a kansa wadda bai cancanta ba. Ban iya ɗaga kai ba. Matarsa ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon littafi mai baƙin bango. Ta ce, "Kwana uku ya yi yana rubuta goman nan, ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi a buga masa. A nan ya fara tsara ta. Tun a lokacin na san sunanki."

Na karanta a tsaye. Shafin farko aikina ne dalla-dalla, har da abubuwan da ban san ya lura da su ba. Shafi na biyu layi uku ne kawai da sa hannu. Na ƙarshen ya ce: "A cikin duk waɗanda na koyar, ita kaɗai ce zan miƙa wa hannuna ta ɗebi jinina ban duba kwalbar ba."

Ma'aikaciyar jinyar ta ɗaura masa roba a dantse, ta soka, ba ta samu ba. Ta ce a yi haƙuri, za ta gwada ƙasa kaɗan. Sai Malam ya janye hannun daga gare ta. A hankali ya juyo da shi, ya miƙo mini.

Matar ta ce, "Ke yake nufi."

Na wanke hannu, na sa safar roba. Jijiyar tana can gefe, siririya, ƙarƙashin wani tsohon tabo. Sau ɗaya na soka. Da kwalbar ta cika na danna masa auduga, na laluba aljihuna, babu biro. Na ce wa matar ta taimaka mini da biro, ba zan tashi ba. Kafin ta motsa Malam ya sunkuyar da haɓarsa wajen aljihun rigarsa.

Na zaro jan biron, na rubuta sunansa ina durƙushe a gabansa. Na ɗago kwalbar zuwa idonsa yadda aka saba yi masa.

Bai duba ba. Taga yake kallo.